Kwalin Awo

Ni baduku ne, ɗan baduku,
a Ƙofar Wambai nake da rumfa.
Gadona bai da yawa:
basilla, aska, da magana ɗaya ta Baba,
a auna sau uku kafin a yanka,
don fata ba ta san "yi haƙuri" ba.

Shekara huɗu ƙari na cin muƙamuƙin Muntaƙa,
ƙanena, mai ɗinki a gefena.
Da fari mun ce haƙori ne.
Muka shafa, muka sha, muka turara.
Haɓa ta karkace kamar takalmin da ya kwana a ruwa.
Kowa ya cire takunkumi a Kano,
shi bai cire nasa ba.

Ranar wata Talata Dakta Badi'atu ta buɗe akwati,
ta ciro wani abu fari fat, ba nauyi,
ta ɗora min a tafin hannu.
"Riƙe. Muƙamuƙin ɗan'uwanka ne."
Na waiwaya, ga shi zaune da nasa a fuska.
Ta ce na'ura ta ɗauki hotonsa yanki-yanki,
wata ta kwana tana gina shi da roba,
hawa kan hawa, kamar mai jera tubali.
Ga kogon da ƙarin ya ci.
Yatsana ya shiga, har ya juya.

Sai ta jera wasu 'yan robobi masu tsaga.
Wannan zai hau muƙamuƙi ya ce wa zarto, nan.
Wannan zai hau ƙashin ƙafa ya ce, iya nan,
a gutsuro, a kai sama, a cike gurbi.
Ga zirin ƙarfe da tsatsa ba ta ci,
tuni an lanƙwasa shi daidai haɓar da ba a yi ba tukuna,
ramukansa na jiran sukurori.
Na ce, "Likita, ai wannan kwalin awo ne,
irin wanda nake ɗorawa kan kirgi in bi da aska.
Sau nawa kuka auna?"
Ta ce, "Mun daina ƙirgawa."
Nan na sa hannu a takarda.

Keken ɗinki ɗaya ya tafi.
Filin Inna na Kurna ya bi shi.
'Yan layinmu suka yi karo-karo a ledar burodi.

Awa tara.
Azahar, La'asar, Magariba, duk a tabarma ɗaya
bakin ɗakin tiyata.
Robar na aljihuna,
ina jan haƙoranta ɗaya-ɗaya
don na manta carbi a rumfa.

Daga nan kunu ta bututu,
kumburi, shiru, rubutu a bayan katin magani:
ƙishirwa. Ƙafa. Wa ke rumfa?
Ranar da aka miƙa masa madubi
ya daɗe bai ce komai ba,
sannan ya shafa haɓa, da murya kamar ta aro,
ya ce, "Yaya, na ga Baba."

Yanzu yana ɗan ɗingishi in ya gaji.
'Yan kasuwa ba sa raga masa:
"Muntaƙa, ƙafarka ce fa ke cin gurasa!"
Jiya na kama shi zai datse zare da haƙori,
na buge hannun, na cusa masa almakashi.
Filin Inna ne a bakinka, na ce, ka yi a hankali.

Robar kuwa na rataye ta a ƙusa
cikin kwalayen awo,
tsakanin lamba arba'in da biyu da arba'in da uku.
Ɗazu wani mai saye ya nuna ta,
"Malam, wannan fa, na wane takalmi ne?"
Na ce an riga an ɗinka.
Mai shi ne wancan da ke maka dariya.